Jan Tauraron da Ke Bin Kaza

Tukunyar iri tana ƙarƙashin gadona, kuma ba wanda ke taɓa ta sai ni. Haka na tarar ana yi a gidan nan, haka na riƙe. In gero ya nuna, kafin a ɗaure dami, nakan shiga gona in zaɓi zangarniyar da ta fi cika, in sussuke ta da hannuna, in gauraya tsabar da toka, in zuba a tukunya in liƙe bakin da laka. Geron nan ba irin na kasuwa ba ne. Gajere ne, ƙwayarsa tana da ɗan duhu, kuma yana jure tsakuwar ƙasarmu ta nan tsakanin duwatsun Roni, inda wani geron kan yi tsayi ya ƙi yin ido. Uwar mijina ce ta bar mini shi, ita ma a hannun tata uwar mijin ta karɓa. Ranar da ta miƙa mini tukunyar ta haɗa mini da magana guda, ta ce kada in ba ƙasa irin nan sai na ga jan tauraro ya biyo Kaza da asuba.

Kaza dai kowa ya san ta, ƙananan taurarin nan da ke cure wuri guda kamar 'yan tsaki. In zafin bazara ya tsananta takan faɗi yamma ta ɓace, a yi kwana wajen arba'in ba a gan ta ba, sannan ta ɓullo ta gabas gab da ketowar alfijir. Bayanta da 'yan kwanaki sai wani tauraro guda, ja kamar garwashi, ya leƙo a ƙarƙashinta. Malamai suna ce masa Dabaran, suna da lissafinsu a takarda, kuma lissafin nasu yakan riga ganin ido. Ni ban yi karatun takarda ba. Abin da tsohuwar ta nuna mini da yatsa a kan dutsen bayan gidanmu, shi na sani. Ta ce ruwan da ya sauka kafin fitowarsa baƙo ne mai wucewa, wanda ya zo bayansa shi ne ɗan gida.

Shekarar da nake son faɗa ta biyo bayan wata mummunar damina ce. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, abin da muka samu bai kai mu tsakiyar rani ba. Gidaje da yawa sun daka irinsu sun ci. Ni ban taɓa nawa ba, ko a kwanakin da kunu ya koma ruwa-ruwa jikokina suna kallon bakin ɗakina. Kwano uku ne da ɗan ƙari a tukunyar. In ya shiga ƙasa ya mutu, babu na biyu, a gidanmu ko a gidan kowa.

Mijina ya daɗe da rasuwa a lokacin. Gonar tana hannun ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, ba kuma na yawan haɗa ido da shi, kamar yadda aka koya mana. Mutum ne mai haƙuri, da furfura a gemunsa, da 'ya'ya shida. Shi ke noma, ni ke riƙe iri. Ba mu taɓa samun saɓani a kan haka ba sai a shekarar nan.

Ruwan farko ya zo da wuri. Kaza ba ta fi kwana ashirin da faɗuwa ba, sai ga hadari da la'asar daga gabas, aka yi ruwa har kwatami ya cika. Washegari tun kafin rana ta fito na ji ƙarar sungumi ana ta fiddo su daga zaure zuwa zaure, mata suna kiran yara su ɗauko ƙorai. Ɗana ya zo bakin ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni. Na san abin da ya kawo shi, amma na bar shi ya faɗa da bakinsa.

Ya ce, "Inna, ƙasa ta sha. Na tona ta kai kamu guda."

Na ce, "Na ji an yi ruwa. Ba kurma ba ce ni."

Ya ce, "Gari duk ya fita."

Na ce, "Gari yana da wani irin a bayan wanda zai zuba?"

Ya ce, "Wasu babu."

Na ce, "To Allah ya taimake su. Kai dai je ka ka watsa taki. Baƙo ne wannan."

Ya tashi ya fita. Na ji shi ya jingine sungumin a bango da ƙarfin da ya fi na kullum.

Cikin kwana huɗu yabanya ta ɓullo a gonakin mutane. Wanda ya je ya dawo sai ya ce gari ya yi kore, gonarmu ce kaɗai fayau a tsakiya kamar kan jariri ranar suna. Aka yi kwana goma sha biyu babu ɗigo, na fara samun natsuwa, ina cewa ga shi nan na faɗa. Sai kuma a ranar ta goma sha uku aka sake yin ruwa, mai kyau. Yabanyar da ta fara langaɓewa ta miƙe. Nan magana ta juya kaina. Surukata ta dawo daga rijiya ta ajiye tulu, ta ce a hankali, "Inna, kun ji abin da ake cewa? Wai mu bana taurari za mu girbe." Na ce ta faɗa musu in mun girbe za mu aika musu da dami guda. Ta yi dariyar dole ta shige.

Akwai abin da ba wanda ya sani a gidan, kuma shi ne ya hana ni barci, ba maganar rijiya ba. Tun bara wata irin yanar ido ta fara rufe mini gani. Da farko kamar hayaƙi, daga baya kamar ana kallon duniya ta cikin tsohon mayafi. Na daina zura zare a allura, na ce zaren yanzu ne ba shi da kyau. Na daina tsintar shinkafa, na ce aikin suruka ne, ta daɗe tana hutawa. Mutane nakan gane su da tafiyarsu da tarinsu, kuma da yake an san ni da sa ido, ba wanda ya kawo a ransa cewa idon ne ya tafi. Bara na ga tauraron, dishi-dishi, amma na gan shi. Na sa rai bana ma zai ratso, tunda babba ne kuma ja.

Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɗauki sandata in bi ta ƙofar baya in hau dutsen. Ba dogo ba ne, shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ƙafata ta san kowane tsagi nasa. In tsaya inda tsohuwar ta tsayar da ni, in fuskanci tsakanin tudun nan biyu na gabas, in buɗe ido har ya yi ruwa. Ba Kaza, ba ɗan tsako ko guda. Sama duka kamar an shafe ta da toka. In gari ya waye in sauko, ɗana yana bakin zaure yana jira, in ce, "Bai fito ba." Ban yi ƙarya ba a sanina. Amma ban san ko ya fito ba.

Bayan ruwa na biyun da kwana biyu ya aika Kazaure aka kira autata. Malamar makaranta ce a can, tana koyar da 'yan mata ilmin kimiyya, kuma ita kaɗai ce cikin 'ya'yana ke iya mayar mini da magana ta kwana lafiya. Ta iso da la'asar a bayan babur, ta shigo tana kaɗe mayafi tana mitar hanya. Ta ce sun tsaya a gindin dogon ƙarfen sabis ɗin wayar salular nan da aka kafa da rani a kan tudun gabas, mai babur yana kallon wasu mutane biyu da suka hau can ƙololuwa suna gyara, har ta yi masa faɗa. Ban kula da maganar ba. Na ce mata ta ci abinci tukuna, na san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

Da magariba ta wuce muna zaune gefen murhu, yayanta yana can nesa kaɗan a kan turmi, sai ta fara.

Ta ce, "Inna, tauraron nan naki, kin san ina koyar da shi a aji?"

Na ce, "Ashe ya shiga boko. Aji nawa yake?"

Ta yi dariya, ta ce, "Wallahi da gaske. Kin san shi ma rana ce? Irin tamu, sai dai ya fi ta girma nesa. Faɗinsa ya ninka na rana sau arba'in da wani abu. In rana goro guda ce, shi ya kai ƙaramin rumbunmu."

Na ce, "Abin da nake rufewa da kan tsinke?"

Ta ce, "Nisa ne ya mayar da shi haka. Hasken da ya baro shi sai ya yi shekara sittin da biyar yana tafiya kafin ya iso idonki. Wanda kika gani bara, tun kina wasan ƙasa ya kamo hanya."

Ban so maganar ta shige ni ba, amma ta shige. Na tuna kaina ina 'yar mitsitsiya a gidan ubana a wajen Gwiwa, ina dafa ƙasa a gwangwani, ashe wani abu ya taso tun ranar yana nufo ni.

Na ce, "To jan nasa fa? Zafin ne ya yi yawa?"

Ta ce, "A'a, da ya fi rana zafi da fari za ki gan shi. Kin ga ƙarfe a maƙera, in ya fara zafi ja yake yi, sai an ƙara zuga shi yake komawa fari. Wannan bai kai rana zafi ba a fatarsa. Tsoho ne, ya cinye makamashin da ke cikinsa, shi ya sa ya kumbura ya yi ja." Ta ɗauki itace ta tona murhun ta nuna mini garwashin da ke gefe. Ban ga garwashin sosai ba, na dai gyaɗa kai.

Na ce, "Wato tsufa ne ya sa shi kumburi da jan ido. Ashe ɗan'uwana ne."

Har ɗana sai da na ji ya yi ɗan murmushi mai sauti. Amma Auta ba ta sake ni ba. Ta ce kuma ba bin Kaza yake ba, Kaza tana can bayansa da nisan da ya ninka nasa sau da yawa, mu ne daga nan muke ganin kamar tare suke. Ta ce, "Inna, tauraron nan bai san da gonarmu ba. Bai san da Roni ba. Ba shi ke kawo ruwa ba."

Na ce, "Zakara ma ba shi ke kawo asuba ba. In ya yi cara kina komawa barci?"

Ta ce, "Wannan kin yi gaskiya. Lokacin shekara yake nunawa, kuma ba ya kuskure. Amma ruwan yanzu ba ya zuwa kamar na zamanin kaka. Wata shekarar ya riga, wata ya makara. In kin jira har aka makara fa, ruwa ya ɗauke gero bai nuna ba?"

Wannan ita ce tambayar da nake yi wa kaina a kan dutse kowace asuba, don haka na ji haushinta. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina faɗa ina jin nauyin maganar a bakina, don ni na san ko fuskarta ba na hangowa, ga ta nan kamu biyar daga inda nake.

Sai ɗana ya taso daga kan turmin ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Inna, tun da na yi wayo ban taɓa saɓa miki ba. Kada ki sa in fara. Danshin nan ba zai wuce jibi ba. Jibi in Allah ya kai mu zan shiga ɗakin in ɗauko tukunyar, ki yafe mini." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Allah ya kai mu jibin." Na tashi na shige ɗaki.

Washegari da asuba na hau dutsen. Auta ta biyo ni, ta ce tana son ta gani da idonta. Ban so ba, amma ba ni da dalilin hanawa. Na tsaya a wurina na fuskanci gabas, ina addu'a a zuci. Sai ga shi. Can ƙasa-ƙasa tsakanin tudun nan, wani ja ya ratso tokar da ke idona, ya yi kamar zai dushe, ya sake haskawa. Na ce, "Alhamdu lillahi. Ga shi can." Na ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, abin da ba na yi, na ce, "Kai, wannan! Ya fito. Je ka ɗauko tukunyar."

Na ji ƙofar zaure ta buɗe, na ji gudun manyan ƙafafu a tsakar gida, surukata tana tashin yara.

Da Auta ta yi magana muryarta ta sauya. Ta ce, "Inna, Kaza fa? Nuna mini ita."

Na ɗaga sanda na nuna saman jan, inda ya kamata ta kasance. Na ce, "Ga ta can, ba ki da ido ne?"

Ta kama hannuna da sandar, ta sauke shi a hankali. Ta ce, "Inna, hadari ne a wurin, baƙi ƙirin, ba tauraro ko guda a gabas yau. Wancan fitilar ƙarfen sabis ce. Ita suke gyarawa jiya. Ki ƙirga, tana kamawa tana mutuwa, tana kamawa tana mutuwa." Sannan ta ce, "Tun yaushe?"

Na tsaya ina kallon jan, ina ƙirgawa. Ɗaya, biyu, ya ɗauke. Ɗaya, biyu, ya dawo. Tauraro yakan yi ƙyaftu, amma ba ya yin ƙyaftu da ƙa'ida kamar mai daka. Kuma na tsaya har na yi tasbihi talatin da uku bai ɗaga daga inda yake ba ko da ɗan yatsa, alhali wanda na sani hawa yake yi yana bin Kaza har haske ya haɗiye shi.

Auta ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ba zan faɗa wa kowa ba. Ki bar shi ya shuka. Dama abin da yake so ke nan, ke kuma kin fita da mutuncinki. Wa zai sani?"

Ba zan ɓoye ba, na so hakan. Na tsaya a kan dutsen nan ina auna shi. In na yi shiru, gari zai ce tsohuwa ta ga tauraronta, ɗana ya huta, ni in ci gaba da zama mai ido a gidan. In ruwa ya ɗore ba wanda zai taɓa tambaya. In kuma bai ɗore ba, kwano ukun nan su tsiro su ƙone, geron da mata biyu suka riƙe kafin ni ya ƙare a hannuna, saboda fitilar kamfani da kuma girman kaina. Daga cikin gida na ji ƙwas, ƙwas. Ɗana ne yake fasa lakar bakin tukunya da ƙotar lauje.

Na ce wa Auta, "Kama ni mu sauka. Da sauri."

Ranar ce farkon da na bari wani ya riƙe mini hannu a kan dutsen.

Mun tarar da shi a tsakar gida ya buɗe tukunyar, ƙanshin toka da gero ya tashi, surukata tana riƙe da ƙwarya, yara sun kewaye. Na ce, "Dakata." Ya ɗago. Na ce wa surukata ta kwashe yaran su shiga ɗaki. Ta ajiye ƙwaryar ta kora su. Sannan na fuskanci ɗana sosai, abin da ban saba ba, ko da yake inuwarsa kawai nake gani.

Na ce, "Ba shi ba ne. Fitilar ƙarfen can ce na gani. Idona ya tafi tun rani. Kwana ashirin da nake ce maka bai fito ba, ban san ko ya fito ko bai fito ba. Ga tukunya nan a buɗe, ga ka ga gonarka. Abin da ka ga dama ka yi."

Akuya ta yi kuka a turke. Na jira ya ce wani abu mai zafi, don yana da hakki. Kwana ashirin yana shan maganar gari saboda ni.

Ya ce, "Allurar nan da kika ce zare ne ba shi da kyau."

Na ce, "Ita."

Ya ce, "Kuma kullum ke kaɗai kike hawa dutsen nan cikin duhu." Ya juya ga ƙanwarsa ya ce, "Ke malama, a karatunku ya fito ko bai fito ba?"

Ta ce, "Yaya, in bai fito ba yana gab. Kaza ya kamata a ce ta ɓullo. Shi kwana kaɗan ne, amma ba zan rantse maka a kan ranar ba. Sai sama ta washe an duba."

Ya miƙe ya fita, ya bar tukunyar a buɗe. Na zauna a kan turmi. Ban san ko sungumi ya je ɗaukowa ba. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Rana ta ɗaga sosai kafin ya dawo. Ya durƙusa a gabana ya kama hannuna ya zuba mini ƙasa a tafi. Ya ce daga tsakiyar gona ya tono ta, ya tona wuri biyar. Na murza. Sama-sama ta bushe, ƙasan ma danshin bai fi na numfashi ba. Na dunƙule ta, na buɗe hannu, ta warwatse.

Ya ce, "Jiya da ta dunƙulu. Iskar daren nan ta shanye ta. Ko na zuba yau, rabinsa ba zai fito ba." Ya karkaɗe hannunsa. "Dole a jira wani ruwan ko da tauraro ko babu. To tunda jira za a yi, nuna mini inda ake tsayawa."

Na kwaɓa laka da kaina na sake liƙe tukunyar.

Washegari mu uku muka hau. Na tsayar da shi a kan tsagin da tsohuwar ta tsayar da ni, na kama kafaɗunsa na juya shi, rabon da in taɓa shi tun yana yaro. Na ce ya bar fitilar a hannun dama, ya duba hagu da ita inda tudun ya yi gwiwa. Na ce Kaza zai fara gani a sama, shi kuma yana ƙasa da ita kamar tsawon hannu in an miƙe, kuma ba ja wur yake ba, ja ne mai ruwan goro. Auta ta ƙara da cewa in ya ga abu yana ƙyaftu da ƙa'ida kada ya tashi gari. Ya ce ta rufe masa baki. Ranar hadari ne. Washegari ma haka. Auta ta koma Kazaure saboda makaranta, tana ta jaddada cewa za ta nemo mini likitan ido. Yabanyar mutanen da suka yi shuka a jigawa ta fara ƙonewa daga baki, ta masu kwari kuma tana nan kore shar. Kowa a garin yana kallon sama, ba mai yi wa wani dariya kuma.

A asuba ta biyar ina tsaye a bayansa sai na ji numfashinsa ya tsaya. Ya ce, "Inna. Ga Kaza can, na ƙirga shida. Ga wani a ƙasanta shi kaɗai, kamar an ɗiga manja." Na ce ya jira, ya yi tasbihi talatin da uku, ya gaya mini ko ya motsa. Ya yi. Ya ce ya ɗaga sama da kan tudun kamar faɗin yatsa. Na ce shi ne.

Ruwan bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Kwana uku muka yi da tauraro a sama da busasshiyar ƙasa, kuma a kwana ukun nan ban ci abin kirki ba. A na huɗu da hantsi aka fara, aka wuni ana yi. Da safe ya fasa lakar a gabana, na sa hannu na ɗebi ƙwaryar farko na miƙa wa surukata.

Ba zan ce mun fi kowa ba a shekarar. Masu kwari da suka yi shukar farko sun riga mu cin sabon gero da wata guda, kuma damin da suka ɗaure ya fi namu yawa, sun kuma tabbatar na ji labari. Masu jigawa wasu sai da suka je Babura suka sayo iri wurin mutanen Nijar suka sake shuka. Namu ya nuna a ƙurarren lokaci, ruwan ƙarshe da ya cika masa ido da ƙyar ya zo, da ya ƙi zuwa da ban san me zan ce ba yau. Auta har yanzu tana cewa sa'a muka yi. Ni ba na musu da ita sosai kamar da.

Da kaka ya kai ni gona ya riƙe mini hannu muka bi kunya-kunya. Zangarniya ba sai da ido ake zaɓenta ba, in ka shafa ta daga gindi zuwa kai za ka ji wadda ta cika da wadda ta yi gibi. Na zaɓa, surukata tana biye da kwando, ina sa hannunta a kan kowace wadda na ɗauka don ta ji abin da nake ji. Muka sussuke, muka gauraya da toka. Kwano biyar muka zuba a tukunyar. Ita na sa ta kwaɓa lakar ta liƙe bakin, ta yi shi a karkace, na sa ta ɓamɓare ta sake.